Falsafa da tauhidin Katolika a jami'a: ana haɗa su, amma akwai wanda ake fara ɗauka

Wata yarinya 'yar katikis daga ƙasar Zazzau ta rubuto mini cewa: "Fada, na gama sakandare, ina so in karanta falsafa da tauhidin Katolika tare a jami'a, kuma ba sista nake son zama ba. Kawuna ya ce falsafa fitar da mutum take yi daga bangaskiya. Babana kuma ya ce wa zai ɗauke ni aiki. Ana haɗa su kuwa? A ina? Wanne zan fara?"

'Yata, sannu da himma. Ana haɗa su. Ikilisiya ma ba ta yarda a raba su ba ga wanda take shirin ba shi aikin firist. Doka ta 250 a kundin dokokinta na 1983 ta ce karatun ya ɗauki aƙalla shekara 6, biyu na falsafa, huɗu na tauhidi. A Najeriya seminarorinmu sun ƙara a kan haka, galibi shekara 4 ake yi ana falsafa, sannan wasu 4 na tauhidi. Saboda haka duk fadan da kawunki ya taɓa durƙusawa gabansa ya furta zunubi, sai da ya sha mantiki, wato ilimin tsara hujja, da Aristotal ya ƙoshi kafin a ɗora masa hannu. Ki lura da jerin dai: falsafa ce a gaba. Shawarata ke nan gare ki, kuma a kanta zan fi daɗewa, domin kalmar nan "tare" da kika yi amfani da ita tana da tarko a ciki.

Bari in ba ki labarin yadda na faɗa tarkon. Ina shekara ta biyu a falsafa aka ba mu tambaya a jarrabawa: Hume, masanin falsafa ɗan Scotland, ya ce ba mu taɓa ganin dalili yana haifar da sakamako ba, abin da muke gani kawai shi ne abu yana bin bayan abu, sabo ne ya sa muke ɗaure su, ka amsa masa. Ni kuwa a lokacin ji nake na riga malam masallaci. Na cika shafi uku da ayoyi, daga Farawa har wasiƙa zuwa ga Romawa. Malaminmu wani tsohon fada ne mai yawan shiru, ba ya rabuwa da jan biro a aljihun gaba. Da takardata ta dawo, layi biyu kawai ya rubuta a ƙasa: "Duk abin da ka faɗa na gaskata shi. Amma Hume bai gaskata ba, kuma shi aka ce ka amsa wa." Ya ba ni 38. Na yi kwana biyu ina fushi, ina cewa a raina yaya za a yi fada ya kayar da mutum don ya kawo maganar Allah. Sai daga baya na gane cewa gudu na yi. Tambaya ta yi mini nauyi, na ruga na ɓuya a bayan Littafi Mai Tsarki.

Wannan ita ce cutar da ke kama mai ɗaukar fannonin biyu a zango ɗaya tun bai ƙware a ko ɗaya ba. Ƙa'idar wasan ta bambanta. A ajin falsafa ba ki da izinin cewa "an rubuta". Hujjarki dole ta tsaya da ƙafarta a gaban Musulmi, da Bamaguje, da wanda bai yarda da kome ba. A ajin tauhidi kuwa daga abin da aka bayyana ake farawa, wato Littafi Mai Tsarki da al'adar Ikilisiya da koyarwarta, sannan hankali ya shigo ya yi aikin fahimta. Anselm na Kantabari ya kira wannan bangaskiya mai neman ganewa. Wanda ya je wancan aji da ƙarfe 8, ya shiga wannan da ƙarfe 10, in bai yi hattara ba sai ya riƙa cin bashin wannan yana biyan wancan, a ƙarshe ya fito ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko.

Cutar tana da ƙanwa, ita kuma masu kaifin kai take kamawa. Sun gama falsafa, sun ji daɗin hujja, sai su shigo tauhidi suna so su tabbatar da Triniti kamar lissafin aji uku. Toma Akwinas, babban malamin tauhidin Katolika, ya tsawata a kan haka tun ƙarni na 13. A ganinsa hankali kaɗai yana iya kai mutum ga sanin akwai Allah kuma shi ɗaya ne, matsayin da Majalisar Batikan ta Farko ta tabbatar a 1870. Amma Triniti sai ta wahayi. Ya ce mai ƙoƙarin kafa ta da hujjar hankali zalla yana rage darajar bangaskiya, yana kuma jawo wa masu bi dariya, domin na waje za su zaci a kan waɗannan raunanan hujjoji muka dogara. Sanin inda iyakar nan take shi ne rabin karatun da kike nema.

To me ya sa ba za a bar falsafar ba a huta? Domin tauhidin Katolika da kalmominta aka gina shi. Ranar Lahadi kina tsaye a coci kina faɗin cewa Ɗan zatinsa ɗaya ne da Uba. Kalmar da Majalisar Nikiya ta zaɓa a shekara ta 325 don faɗin haka ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, daga harshen masu tunanin Girka aka ɗauko ta, kuma an yi shekaru fiye da 50 ana rigima a kanta. A Kalsidon a 451 aka ce Almasihu mutum ɗaya ne mai ɗabi'a biyu. Mene ne "mutum" a nan, mene ne "ɗabi'a"? In ba ki san abin da waɗannan kalmomi ke ɗauke da shi a wancan zamani ba, za ki haddace jimlar, amma yaro ɗan aji shida zai tsayar da ke da tambaya ɗaya. Haka batun gurasa da ruwan inabi a bagade: tun Majalisar Lataran ta Huɗu a 1215 Ikilisiya ke bayyana shi da cewa ainihin abin ya sauya, kamanninsa na zahiri sun zauna yadda suke.

Wannan na ƙarshe ya taɓa ba ni wahala da Hausa. An ce in koyar da katikis-katikis na ƙauyuka, na rasa kalmar da zan raba "abin da abu yake" da "yadda yake bayyana". Akwai wani malamin zaure maƙwabcinmu da muke shan shayi tare bayan la'asar, a kan benci a gindin darbejiya. Na kai masa kukana. Ya yi murmushi ya ce, "Fada, ai jauhari da aradi kake nufi." Ya ɗaga kofin shayinsa ya ce shayin shi ne jauhari, zafinsa da launinsa da zaƙinsa su ne aradi, suna zuwa suna tafiya. Daga nan ya zarce ya karanto mini hukunce-hukuncen hankali guda uku da ya koya a ƙaramin littafin tauhidi na Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Na zauna baki buɗe, domin hanya ta uku cikin hanyoyi biyar da Akwinas ya bi don nuna samuwar Allah a kan wannan bambanci take tsaye, tsakanin abin da samuwarsa ja'izi ce da wanda samuwarsa wajibi ce. Ba haɗuwar katsaham ba ce. Akwinas ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushdi a fassarar Latin, yana ambaton su da suna, har Ibn Rushdi ma "Mai Sharhi" kawai yake ce masa saboda sharhinsa a kan Aristotal. Ni da malamin mun saɓa a kan abin da ke faruwa a bagade, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba mu daidaita ba. Amma mun san daidai inda muka saɓa, da kalmomin da dukanmu muka gane. Ke da za ki zauna a Arewa, wannan kaɗai ya isa dalilin karanta falsafa. Kuma kada wani ya ce miki mantiki baƙo ne a ƙasar Hausa. Al-Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare halascin koyon sa.

Yanzu maganar kawunki. Kada ki raina ta, yana da magabata. Tertuliyan na Kartaj ya tambaya tun wajen shekara ta 200, me ya haɗa Atina da Urushalima? Manzo Bulus ya gargaɗi Kolosiyawa kada a kama su da ilimin yaudara na banza, ko da yake shi ɗin ne ya tsaya a Atina yana muhawara da masu falsafar Girka, Abikuriyawa da Sitokiyawa, har yana kawo maganar mawaƙansu. A Faris an hana koyar da littattafan Aristotal na kimiyyar halitta a 1210, amma zuwa 1255 sun zama dole a manhaja. A 1277, shekara 3 bayan rasuwar Akwinas, bishop na Faris ya haramta maganganu 219, wasunsu sun shafi ra'ayin Akwinas ɗin. A 1323 aka sa shi cikin tsarkaka, a 1879 kuma Paparoma Leo na 13 ya umarci makarantun Katolika su koma ga koyarwarsa. Ikilisiya ta daɗe tana kai gwauro tana kai mari a kan wannan tambaya kafin ta zauna.

Ko falsafa tana fitar da mutum? Ga mutum biyu da suka yi wa malami ɗaya, Edmund Husserl, aikin mataimaki a jami'a ɗaya, Freiburg ta Jamus. Martin Heidegger ɗan mai kula da coci ne, da tauhidin Katolika ya fara a 1909, ya koma falsafa, zuwa 1919 ya rubuta cewa tsarin Katolika ya daina karɓuwa a gare shi. Edith Stein Bayahudiya ce da ta bar addu'a tun tana budurwa, ta yi digirin digirgir a falsafa, aka yi mata baftisma a 1922, ta shiga zuhudu, 'yan Nazi suka kashe ta a Auschwitz a 1942, aka sa ta cikin tsarkaka a 1998. Ƙofa ɗaya, wani ya fita ta nan, wata ta shigo. Abin da zan iya gaya miki daga shekarun da na yi ina koyarwa shi ne za ki girgiza. Akwai zangon da za ki karanta Hume da Kant da Nietzsche, ki je ibadar Masa ki ji kamar kalmomin sun zama fanko. Kusan kowa yana ratsa wannan. Waɗanda na ga sun karye galibi su ne masu ɓoye tambayarsu don kunya, suna kwana da ita su kaɗai. Ki sami wanda za ki riƙa gaya wa, kuma kada ki daina addu'a don kina jiran sai kin gama warware hujja.

Ki gaya wa kawu wannan kuma. A babban littafinsa na tauhidi, da Akwinas ya zo tambayar ko akwai Allah, bai fara da amsa ba. Ya fara da hujjoji biyu na cewa babu: ɗaya, da akwai Allah mai alheri marar iyaka da ba a ga mugunta ba, biyu, halitta da nufin ɗan Adam sun isa su bayyana kome, ba a bukatar wani a bayansu. Har yau masu musun Allah ba su kawo abin da ya fi waɗannan biyu ƙarfi ba, kuma waliyyi ne ya rubuta musu su da hannunsa. Haka ya yi wa kowace tambaya a littafin: sai ya ba abokin hamayya bakinsa tukuna.

Sai batun a ina. A nan gida JAMB kwas ɗaya take ba ki, kuma abin da yawancin jami'o'in gwamnati ke koyarwa shi ne nazarin addinin Kirista, wanda ba shi ne tauhidin Katolika ba. Fanni ne mai amfani, amma daga waje yake kallon addini, ba ya ɗaukar koyarwar Ikilisiya a matsayin tushe. Jami'ar Jos tana da sashen da ya haɗa addini da falsafa. Akwai Jami'ar Veritas a Bwari ta Abuja, mallakar taron bishop-bishop na Najeriya, da jami'ar 'yan Dominikan a Ibadan, inda falsafa take da tushe mai zurfi. Don karatun gaba da digiri na farko akwai cibiyar Katolika ta Afirka ta Yamma a Fatakwal. Manyan seminarori irin na Waliyyi Agustin a Jos da na Makiyayi Mai Kyau a Kaduna don masu shirin zama firist aka gina su. Duk inda za ki, ki tambayi abu biyu kafin babanki ya biya ko sisi: hukumar jami'o'i ta ƙasa ta amince da kwas ɗin, don ki sami zuwa bautar ƙasa? Kuma digirin na gwamnati ne ko na Ikilisiya? Na Ikilisiya matakinsa uku: na farko shekara 5, biyu falsafa uku tauhidi, sai lasisi na shekara 2, sai digirgir. Wasu makarantu suna ba da duka biyun ta hanyar alaƙa da wata jami'a, wasu ɗaya kawai.

Inda aka fi yin ainihin abin da kika tambaya, wato fannoni biyu a digiri ɗaya ga wanda ba firist ba, shi ne Jamus. Can jami'o'in gwamnati irin su Münster da Tübingen da Munich da Bonn suna da tsangayar tauhidin Katolika a cikinsu, bisa yarjejeniya tsakanin gwamnati da fadar Paparoma, kuma mata sun cika azuzuwan. A wasunsu ɗalibi yana iya ɗaukar falsafa da tauhidi a matsayin fanni biyu na digirin farko, ko ya yi cikakken tauhidi na zango 10. Yawancin jihohi ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai dai jihar da Tübingen da Freiburg suke tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Amma kafin biza sai kin nuna kuɗin zama na shekara, wanda ya kusa yuro 12,000, kuma da Jamusanci ake karatun, Jamusanci mai nauyi. Leuven ta Beljiyam ta fi sauƙi ta fuskar harshe, domin tana koyar da fannonin biyu da Turanci. Cibiyar falsafarta tun 1889 take, kuma a can aka ajiye rubuce-rubucen Husserl da wani fada ɗan Faransiskan ya fitar da su daga Jamus a 1938. A Roma akwai Gregoriyana da Urbaniyana da Anjelikum, suna karɓar mata da sauran waɗanda ba firistoci ba, yawanci da Italiyanci, kuma za su nemi wasiƙar shaida daga hukumar Ikilisiyarki.

Da 'yar cikina ce ke, ga abin da zan ce. Ki yi digirin farko a falsafa a nan gida, shekara 4, ki yi shi tsakani da Allah kamar ba za ki taɓa karanta wani abu bayansa ba. Ki ba mantiki da tarihin falsafa ƙarfinki, kada ki tsallake 'yan tsakiyar zamani don wai sun tsufa. Kwasa-kwasan zaɓi ki ɗauko su daga sashen addini. A gefe kina karanta Littafi Mai Tsarki daga farko zuwa ƙarshe, da Katikisim na 1992, da Agustin, wanda ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Bayan nan ki shiga tauhidi da ƙafar dama. Za ki ga abin da abokan ajinki ke kuka da shi ke kin riga kin wuce wurin.

Harsuna kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Cikakken tauhidi yana neman Latin da Girkanci, sau da yawa har da Ibrananci, kuma a nan ɗalibai da yawa suke zubewa. Ki je wurin fadan Ikilisiyarku ki roƙe shi tsohon littafinsa na Latin, na tabbata yana nan cikin akwati yana shan ƙura. Minti 30 kullum ya fi awa 5 ranar Asabar. Ibrananci kuma kada ya tsorata ki, mai jin Hausa yana da rabin guzuri: ruwah da ruhu, shalom da salama, mal'ak da mala'ika, duk ta hanyar Larabci kin riga kin san danginsu. Kalmarsu ta mutuwa ma, mut, 'yar'uwar tamu ce tun asali.

Tambayar babanki ita ce mai wuya, kuma ba zan shafa miki zuma a baki ba. A Jamus mai wannan digiri yana iya zama malamin addini a makarantar gwamnati ko ma'aikacin Ikilisiya mai albashi. A nan irin waɗannan guraben kaɗan ne, albashinsu kuma ba ya kai wata. Abin da na ga ɗalibaina suna yi shi ne koyarwa a sakandare da jami'a da seminari, aiki a hukumomin adalci da zaman lafiya na dayosis, aikin sulhu tsakanin addinai, jarida, da kotun aure ta Ikilisiya ga wanda ya ƙara da dokokin Ikilisiya. Ki haɗa da takardar shaidar koyarwa, shekara ɗaya ce, ita za ta riƙe ki kafin wata ƙofa ta buɗe. Ki kuma sani cewa mai koyar da tauhidi da sunan Ikilisiya sai da izinin hukumarta, doka ta 812 ke nan, kuma ana iya janye shi. An janye na malamin tauhidi Hans Küng a 1979. Ya ci gaba da zama farfesa a Tübingen, amma ba a tsangayar Katolika ba. Malamin falsafa a jami'ar gwamnati ba ya ƙarƙashin wannan sharaɗi, wanda shi ma wani dalili ne na riƙe digirin falsafa a hannu.

Tun yanzu ki sa babanki ya kai ki ki gaida bishop ɗinku, ki gaya masa nufinki da bakinki. Kusan duk tallafin karatun tauhidi a waje ta teburinsa yake bi, kuma wasiƙar da zai rubuta wa yarinyar da ya sani shekara 4 daban take da wadda zai rubuta wa baƙuwar da ta zo da fom a hannu. In kin sami gurbi, ki aiko mini da jerin kwasa-kwasan shekarar farko in duba miki. Ki gai da Baba Katikis, ki gai da kawu.